Dokin ƙofa da dala 4,000: yadda dokar naƙasassu ta haɗa guragu da masu shaguna shari'a a Amurka

A ɗauka kana da ɗan gidan abinci a wata unguwa ta Los Anjalas, tebur takwas, daga kai sai matarka sai yaro ɗaya mai wanke-wanke. Wata safiya wani ya shigo ya miƙa maka ambulan ya juya. Ka buɗe, sai ga sammacin kotu. Wani mutum da ba ka tuna ka taɓa sa shi a ido ba ya ce ya zo cin abinci a kan keken guragu wata huɗu da suka wuce, ya tarar dokin ƙofarka ya yi tudu, madubin banɗaki ya yi sama, fentin da aka ja wa motar naƙasassu a wurin fakin ya goge. Yana neman dala 4,000, da kuɗin lauyansa. Ka garzaya wurin naka lauyan, ya duba takardar bai ko kai ƙarshenta ba, ya ce maka irinta ya gani ba adadi, kuma abin da za ka kashe in ka ce sai an yi shari'a ya ninka abin da za ka biya in ka nemi sulhu. Ka fito ranka a ɓace, kana jin an yi maka fashi da rana tsaka, da takarda mai hatimin kotu.

To, yanzu koma can waje, ka zauna a kan keken. Tudun da mai ƙafa ke tsallakewa bai ma san ya tsallake ba, a wurinka katanga ce. Ka ga abinci ta tagar gilashi, ka ga mutane na ci, amma sai ka jira wani ya tausaya ya ɗaga ka, ko a miƙo maka a leda ka ci a bakin titi. In ka samu ka shiga, fitsari ya matsa maka, ƙofar banɗakin ba ta cin kekenka. Kuma ka san akwai dokar da ta hana wannan, wadda ta girmi yawancin masu yi maka hidima a wurin. Wa za ka kai wa kuka? Wannan tambayar ita ce gindin rikicin gaba ɗaya, kuma amsar da Amurka ta ba ta ce ta haifi duk abin da ya biyo baya.

Dokar ita ce wadda ake kira ADA a taƙaice, dokar kare haƙƙin Amurkawa masu naƙasa, wadda Shugaba George H. W. Bush ya sa wa hannu ranar 26 ga Yuli, 1990. Ba a banza ta samu ba. A watan Maris na wannan shekarar, da aka ga majalisa na jan ƙafa, gomman naƙasassu suka ajiye kekunansu da sandunansu a gindin matakalar majalisar dokoki a Washinton, suka hau da rarrafe. Cikinsu har da wata yarinya 'yar shekara takwas, Jennifer Keelan. Kashi na uku na dokar ya shafi duk wurin da ke buɗe wa jama'a: kanti, gidan abinci, otal, asibitin kuɗi, shagon aski, gidan mai, silima. An cire wuraren ibada da kulob-kulob na 'yan ƙungiya zalla. Ginin da aka yi sabo bayan Janairun 1993 dole ya cika ƙa'ida tun daga tushe. Tsohon gini kuwa, abin da aka ɗora wa mai shi shi ne ya kawar da duk cikas ɗin da zai kawu ba tare da wahala ko kashe kuɗi mai yawa ba. Masu shaguna da yawa har gobe suna zaton tsufan gini ya wanke su. Bai wanke su ba. Sai dai kalmar "ba tare da wahala ba" roba ce, kowane lauya na jan ta zuwa inda yake so.

Ƙa'idojin kansu na awo ne, da inci. Gangaren da keke zai hau, kowane inci ɗaya na tudu sai an ba shi inci 12 na tsawo, wato matakala mai inci shida tana buƙatar gangare mai ƙafa shida. Faɗin ƙofa in an buɗe ta kada ya gaza inci 32. Gindin madubin da ke saman wurin wanke hannu kada ya wuce inci 40 daga ƙasa. Wurin fakin na naƙasassu kada ya karkace fiye da kimanin kashi biyu cikin ɗari. Mai karanta wannan daga nesa zai ce ai neman magana ne, me inci biyu zai yi? Wani lokacin gaskiyarsa. Amma akwai ƙa'idar da ta ce a naɗe bututun ruwan zafi da ke ƙarƙashin wurin wanke hannu, kuma dalilinta shi ne wanda ƙafafunsa suka mutu ba ya jin zafi: zai tura gwiwoyinsa ƙarƙashi, bututu ya ƙona shi, bai sani ba sai ya koma gida ya ga ciwo. Filin fakin da ya karkace kuwa, keke yakan gangare da mai shi a daidai lokacin da yake ƙoƙarin sauka daga mota. Yawancin waɗannan lambobin, wani ne ya taɓa jin jiki kafin a rubuta su.

Inda gizo ke saƙar shi ne wajen tilastawa. Babu wani sufeto na gwamnatin tarayya da ke bin shaguna da tef yana awo, kamar yadda masu duba-gari ke leƙa kicin. Ma'aikatar shari'a ta tarayya tana da ikon kai ƙara, amma 'yan ƙalilan take ɗauka, galibi kan manyan kamfanoni, a ƙasar da ke da wuraren kasuwanci miliyoyi. Majalisa ta yi dokar ta bar wa naƙasasshen da kansa ya zama ɗan sandanta. Sannan ta ƙara ɗaure shi: a ƙarƙashin dokar tarayya, in ya yi nasara ba ya samun ko sisin diyya. Abin da kotu za ta ba shi umarni ne a gyara wurin, sai kuɗin lauyansa. Sai a tambayi kai, wane gurgu ne zai bar harkarsa ya yi shekara yana zirga-zirgar kotu don a gyara matakalar kantin da zai iya ƙaurace wa kawai? Mafi yawansu ba sa yi. Suna juya keke su tafi wani wurin. Waɗanda suka rage su ne 'yan tsirarun da suka mayar da abin aiki, da lauyoyin da suka gano cewa ƙara ɗaya ba ta riƙe ofis, amma ɗari biyar masu kama da juna suna riƙewa.

Mutane kan ce, to me ya hana a rubuta wa mai shago wasiƙa tukuna, a ce masa ga matsala, gyara? Tambaya ce mai kyau, kuma amsarta na cikin wani hukunci na Kotun Ƙoli na 2001 da ake kira Buckhannon. Kotun ta ce lauya ba zai karɓi ladansa daga wanda ake ƙara ba sai in kotu ce ta yanke hukunci ko ta sa hannu a kan sulhu. In wanda aka kai ƙara ya yi wuf ya gyara da kansa kafin hukunci, shari'a ta mutu, lauya ya tashi a tutar babu, ko da ƙararsa ce ta sa aka gyara. Lauyan da ya san haka ba zai yi gargaɗi ba, ba kuma zai so a ja lokaci ba. Zai shigar da ƙara shiru, ya matsa a yi sulhun kuɗi da wuri. Alƙalan da suka yi wannan hukunci ba mai gidan abinci suke tunani ba, amma a kansa ruwan ya sauka.

Sai kuma Kalifoniya, wadda ita ce cibiyar abin. Jihar tana da tata dokar hana wariya tun 1959, dokar Unruh. A 1992 aka yi mata kwaskwarima aka ce duk wanda ya saɓa ADA ya saɓa ta ita ma. Ita kuwa tana ba da diyya, mafi ƙaranci dala 4,000 a kan kowace ziyarar da mutum ya gamu da cikas. A 2009 kotun ƙolin jihar, a shari'ar Munson da gidan abincin Del Taco, ta ce ba sai an nuna mai wurin ya yi da gangan ba. Da aka haɗa waɗannan biyun, lissafi ya fito fili. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Kamfanin lauyoyi na Seyfarth Shaw, wanda ke ƙirga irin waɗannan ƙararraki a kotunan tarayya kowace shekara, ya ƙirga 2,722 a 2013. A 2021 suka kai 11,452, kuma fiye da rabinsu daga Kalifoniya. Niyok da Fulorida ne ke biye da ita. Bayan nan adadin ya sauko zuwa dubu takwas da wani abu, ba don shaguna sun gyaru ba sai don alƙalan tarayya a Kalifoniya sun fara ƙin sauraron ɓangaren diyyar Unruh, suna cewa a kai shi kotun jiha. Ƙararrakin suka bi kuɗin zuwa can.

Cikin masu ƙarar akwai waɗanda sunansu ya zama abin tsoratar da 'yan kasuwa. Jarek Molski, wanda haɗarin babur ya sa shi a keke, ya shigar da ƙara kusan 400. A 2004 wani alƙalin tarayya, Edward Rafeedie, yana duba ƙararsa kan wani gidan abincin Sinawa a garin Solvang, sai ya lura Molski ya shigar da ƙara 13 kan raunuka kusan iri ɗaya da ya ce ya samu a wurare daban-daban cikin kwana biyar. Alƙalin ya ayyana shi a matsayin mai damun kotu, ya ce ba zai sake shigar da irin wannan ƙarar a wannan kotun ba sai da izini. Kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar da hakan a 2007. Amma a cikin hukuncin nata ta faɗi abin da masu zagin Molski ba su cika maimaitawa ba: yawan ƙara shi kaɗai ba laifi ba ne, kuma mai yiwuwa ne dokar ba za ta cika alkawarinta ba sai da mutanen da suka duƙufa suna kai ƙara a jere. Ƙarya a cikin ƙarar ita ce laifin. Haka Scott Johnson, lauya a yankin Sacramento wanda shi ma a keke yake, ya shigar da dubbai. Abin da ya kai shi ƙasa daga baya haraji ne, don ya amsa laifin ɓoye kuɗin da ya samu daga sulhu. A Arizona wata ƙungiya ta shigar da ƙara fiye da dubu a 2016, yawancinsu kan allunan wurin fakin, har babban lauyan jihar ya shiga tsakani aka yi watsi da su, aka kuma kwace lasisin lauyanta Peter Strojnik a 2019.

Wanda ya fi sosa rai shi ne na San Faransisko. A 2021, annobar korona ta gama karya 'yan kasuwa, sai sammaci ya dinga sauka a unguwar Sinawa, kan ƙananan shagunan baƙin haure da Turancinsu bai taka kara ya karya ba. A Afrilun 2022 masu gabatar da ƙara na San Faransisko da Los Anjalas, Chesa Boudin da George Gascón, suka maka kamfanin lauyoyi na Potter Handy a kotu, suna zarginsa da shigar da ƙararraki na ƙarya, inda masu ƙarar ke cewa sun je wuraren da ba su je ba ko suna da niyyar komawa alhali babu. Kotu ta kori ƙarar, bisa kariyar da dokar jihar ta ba abin da lauya ya faɗa cikin takardun shari'a, ba tare da an kai ga tantance zargin ba. Ba mamaki a ce ƙananan ne ake nema. Babban kamfani yana da lauyoyi a kan albashi, zai iya yin shekara uku yana fafatawa. Mai shagon wanki da guga ba zai iya ba, kuma kowa ya san ba zai iya ba.

Akwai kuma batun 'yan gwaji, wato masu zuwa wuri don su duba ko ya bi doka, ba don saye ba. Wannan dabara tana da asali mai daraja. A 1982 Kotun Ƙoli ta amince da ita a shari'ar Havens, inda aka tura baƙar fata da farar fata su nemi hayar gida ɗaya, aka ce wa baƙar babu, aka ce wa farin akwai. Deborah Laufer, wata mata mai lalura a Fulorida, ta ɗauki dabarar ta kai ta intanet: tana zaune a gida tana buɗe shafukan otal-otal, duk wanda bai bayyana ko ɗakunansa na karɓar keke ba sai ta kai shi ƙara. Ta kai fiye da 600, ba ta da niyyar kwana a ko ɗaya. Wani ƙaramin otal a jihar Maine ya ja da ita har Kotun Ƙoli. Ana cikin haka aka dakatar da wani lauyanta saboda rashin gaskiya, ita kuma ta janye ƙararta. A Disamban 2023 kotun ta ce magana ta mutu, ba ta yanke komai ba kan ko ɗan gwajin da bai da niyyar zuwa yana da hurumin ƙara. Kotunan ƙasa sun ci gaba da saɓa wa juna, abin da ya halatta a wannan yanki ya haramta a wancan. Shafukan intanet ɗin ma sun zama sabon fili. Makaho yana amfani da manhajar da ke karanta masa allo, in shafi bai ginu da kyau ba sai ta yi ta ce masa "hoto, hoto, maɓalli" ba bayani. Wani makaho, Guillermo Robles, ya kai kamfanin sayar da pizza na Domino's ƙara kan haka, kotun ɗaukaka ƙara ta ba shi gaskiyar cewa dokar ta shafi shafin a 2019. Amma gwamnati ba ta fitar wa 'yan kasuwa ƙa'idar shafi a rubuce ba, irin ta inci da ta fitar wa gini.

Maganin da 'yan kasuwa suka daɗe suna nema shi ne a wajabta gargaɗi kafin ƙara. Tauraron fim Clint Eastwood ya je gaban majalisa a 2000 yana roƙon a ba da kwana 90, bayan an kai otal ɗinsa na garin Carmel a Kalifoniya ƙara. A Fabrairun 2018 majalisar wakilai ta zartar da irin wannan ƙuduri da ƙuri'a 225 da 192, amma ya mutu a majalisar dattawa, inda Sanata Tammy Duckworth, wadda ta rasa ƙafafunta biyu a yaƙin Iraƙi, ta tara sanatoci 43 suka ce ba za su bari ya wuce ba. Hujjarsu tana da nauyi. In ka san ba abin da zai same ka sai an yi maka wasiƙa, me zai sa ka kashe kuɗi kafin wasiƙar ta zo? Kowa zai zauna ya jira, aikin bin shaguna da rubuta wasiƙu ya koma kan gurgu, kyauta. Kuma, in ji su, shekarun da dokar ta yi tun 1990 ai gargaɗi ne. Ni dai ina ganin ɓangarorin biyu kowa ya riƙe rabin gaskiya. Idan ɓera da sata, daddawa ma da wari: yawancin shagunan da ake kai ƙara da gaske suna da cikas ɗin. Amma mai shagon da hukumar birni ta ba lasisi, ta duba masa wuta da ruwa, ta karɓi harajinsa, ba wanda ya taɓa ce masa uffan kan madubi, shi ma yana da abin faɗa.

Kalifoniya ta yi ta faci. Ta samar da ƙwararrun masu duba gini da mai shago zai iya haya su auna masa, in aka kai shi ƙara bayan haka ya samu jinkiri da zaman sasantawa da wuri. A 2012 ta hana lauyoyi aika wasiƙar neman kuɗi kafin ƙara, ta kuma rage diyyar zuwa dala 1,000 ko 2,000 ga wasu masu gyarawa da sauri. A 2015 ta ce wanda ya shigar da irin wannan ƙara goma ko fiye cikin wata 12 sai ya bayyana hakan, ya kuma biya ƙarin dala 1,000 na shigarwa. Gwamnatin tarayya ma tana da rangwamen haraji har dala 5,000 a shekara ga ƙaramin ɗan kasuwan da ya yi gyara, abin da da yawa ba sa jin labarinsa sai sammaci ya riga ya iso. Ga kuma rikicin mai gini da ɗan haya. Doka ta kama su duka biyu, ko me takardar haya ta ce. Takardar tana raba wanda zai biya ne a tsakaninsu kawai, kuma sau da yawa mai ginin ya riga ya rubuta cewa ɗan haya ne zai ɗauka, har da filin fakin ɗin da ɗan hayar ba shi da ikon taɓawa.

Mu ma nan Najeriya ba baƙin zancen ba ne. Dokar hana nuna wa naƙasassu wariya da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019 ta ba gine-ginen jama'a wa'adin shekara biyar su gyara, ta tanadi tarar naira miliyan ɗaya ga kamfani da dubu ɗari ko ɗaurin wata shida ga mutum, ta kuma ba wanda aka zalunta damar kai ƙarar kansa. Wa'adin ya cika a Janairun 2024. Duk wanda ya taɓa ganin gurgu a bakin ƙofar banki mai kama da keji, yana jiran maigadi ya kira masa ma'aikaci waje, ya san abin da dogon gargaɗi ba tare da mai tilastawa ba yake haifarwa.

Abin da ya kamata a auna waɗannan ƙararrakin da shi, a ganina, shi ne ko an fasa tudun nan bayan an biya kuɗi. A nan ne tsarin ya fi rauni. Yawancin sulhun a ɓoye ake yinsa tsakanin lauyoyi biyu, alƙali ba ya ganin takardar, ba kuma wanda ke komawa da tef ya duba. Mai ƙarar kirki yakan sa sharaɗin gyara ya kuma koma ya gani. Wanda kuɗi ya kawo shi ya riga ya wuce shago na gaba. Mai gidan abincinmu na farko, in ya biya ya numfasa ya ce Allah ya isa, bai kira magini ba, dokin ƙofarsa na nan yadda yake. Sulhun da ya yi da mutum ɗaya bai ɗaure kowa ba sai wannan mutumin, kuma wani mai keken na iya zuwa wata mai zuwa, ya tsaya a wuri ɗaya, lissafin dala 4,000 ya sake tashi daga farko.